ABIN DA MUKA GANO A DUFUNA DA DANISKI

Jawabin da jagoran tawagar ziyarar ƙauyuka ya gabatar a taron 'yan ƙungiya, a Yerimaram, Potiskum



Da farko ina godiya da aka ba ni wannan dama. An ce in tashi in ba da bayanin tafiyar da kuka aike mu, mu 14, a watan Disamba da ya wuce. To zan bayar, amma ina roƙon ku haƙuri, domin akwai maganar da na kwaso a hanya wadda ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Ni ma da aka faɗa mini ba ta yi mini daɗi ba.

Yawancinku kun san ni. Na yi koyarwa a firamare shekara da shekaru, da na ajiye alli kuma na koma rumfar mahaifina a kasuwar hatsi. Shi mahaifin nawa daga ƙasar Kano ya taso, ya zo Fataskum, kamar yadda su suke kiran garin, da niyyar ya yi kaka ɗaya ya koma. A nan aka binne shi. Ina jin labarin gidaje da yawa a cikinmu ke nan, sai dai wani daga Katsina, wani daga Haɗeja, wani daga Damagaram.

Abin da ya jawo tafiyar nan kuwa jikata ce. An ba su aikin gida a makaranta, a rubuto sunayen koguna da duwatsun Jihar Yobe. Ta zo ta same ni, ni da na koyar da yara labarin ƙasa. Na faɗa mata sunaye kamar yadda na haddace a littafi. Sai ta ce, "Baba, wanne ka taɓa gani?" Na yi shiru. Ta ƙara da cewa, "In mun je Kano biki sai a ce ga 'yan Barno sun zo. A nan kuma a ce mu baƙi ne. To mu 'yan ina ne?"

Jama'a, wannan tambaya ba ta jikata ba ce ita kaɗai. Ta 'ya'yanmu ce baki ɗaya. Garin da kakanninsu suka baro ba su san shi ba sai ranar biki ko rasuwa. Ƙasar da aka haife su a cikinta kuma iyakar saninsu da ita daga tasha sai kasuwa. Shi ya sa na kawo shawara, kuka amince, muka tafi.

INDA MUKE ZAUNE

Kafin in kai ku ƙauye, bari in faɗi wani abu game da garin nan wanda ni kaina ban lura da shi ba sai da muka yi tafiyar. Potiskum a kan doron ƙasa take, tsakanin ruwa biyu.

Ruwan da ya zuba arewa da mu, gangarawa yake yi Komadugu Gana. Da Barbarci komadugu kogi ne, gana kuma ƙarami, wato ƙaramin kogi. Shi ne wanda mutanen Bauci ke kira Kogin Misau. Daga ƙasar Bauci yake tasowa, ya bi ta kusa da Dapci, in shekara ta yi ruwa ya je ya haɗu da babban Kogin Yobe a wajen Damasak, su zuba a Tafkin Cadi. Ku Kanawa, ku saurara da kyau. Ruwan Kogin Kano da na Calawa su ne suke zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda ya ratsa Gashuwa da Gaidam. Ashe ruwan garinku ya riga iyayenku zuwa jihar nan.

Ruwan da ya zuba kudu da mu kuwa, wata hanya daban yake bi. Gongola yake faɗawa. Gongola daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya miƙo arewa maso gabas har Nafaɗa, sannan ya yi kwana ya nufi kudu, ya bi ta madatsar Daɗin Kowa, ya shiga Binuwai a Numan. Binuwai ya haɗu da Kwara a Lakwaja, su tafi teku.

Don haka muka raba tafiyar gida biyu. Rana ta farko arewa, rana ta biyu kudu.

RANA TA FARKO: DUFUNA

Mun tashi daga nan Yerimaram bayan sallar asuba, ana tsananin hunturu, kowa ya naɗe kai. Dufuna ɗan ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Fune, tsakanin Potiskum da Gashuwa, kusa da gaɓar Komadugu Gana. Muna yin arewa ƙasa tana sauyawa a idonmu. Jar ƙasa ta ƙare, yashi ya karɓa. Itatuwa suka yi ta raguwa, sai kuka jefi-jefi, da aduwa, da magarya, da goruba a wuraren da ke da damshi. Gonaki duk an girbe, sai karan gero a tsaye da shanun Fulani suna kiwo a ciki.

Da muka sauka daga kwalta ba mu yi nisa ba motarmu ta kafe a yashi. Direba ya ba ta wuta, ta ƙara nutsewa. Muka fito muka tura, matasa suka tona, ko gezau. Muna nan tsaye rana ta fara ɗagawa, sai ga wasu samari biyu a kan amalanken shanu. Ba su tambaye mu daga ina ba, ba su tambaye mu 'yan wace ƙabila ba ne. Suka kwance shanun, suka ɗaura igiya, suka sa kara da kaba ƙarƙashin taya, kafin ka ce kwabo mota ta fito. Ma'ajinmu ya zaro kuɗi ya miƙa. Babban cikinsu ya ce, "Haba Alhaji, baƙo ne zai biya mu kuɗin hanya? A dai sauka lafiya." Na ga ɗaya daga cikin samarinmu, wanda tun a mota yake ta ba'a da mutanen ƙauye, ya sunkuyar da kai. Ban ce masa komai ba, domin an riga an faɗa masa.

Da muka isa, sai muka fara da gaisuwa wajen mai gari, kamar yadda aka saba. Mun riƙe goro da sukari da sabulu. Aka shimfiɗa mana tabarmi, aka kawo ruwa, aka kawo fura da nono. Sai da aka gama gaisuwa tsaf, aka tambayi iyali da hanya da sanyi, sannan muka faɗi abin da ke tafe da mu. Aka haɗa mu da wani dattijo ya yi mana jagora.

Kogin a wannan lokaci ba ya gudu sosai. Kududdufai ne a jere cikin yashi, wani babba wani ƙarami. A gefe masu noman rani suna ban ruwa, ga albasa, ga tumatir, ga barkono. Yara suna su da homa, mata suna wanki, makiyaya suna jiran layi su shayar. Wannan ɗan ruwa shi ne komai nasu. Dattijon ya nuna mana alamar inda ruwa ke kaiwa da damina a jikin itatuwa, nesa da inda muke tsaye. Ya ce a shekarar ambaliya, kamar 2022, sai gonaki su tafi. A shekarar fari kuma, kamar 1973 da 1984, sai dabbobi su tafi.

JIRGIN DUFUNA

To, abin da ya sa aka san sunan wannan ɗan ƙauye a duniya shi ne kwale-kwale. Wasunku sun ji labari a rediyo. Ga yadda abin yake.

A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya don ya shayar da shanunsa. Da ya kai kamar mita 5, wato wajen ƙafa 16, sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Ya duba ya ga itace ne, kuma sassaƙaƙƙe. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, bai kuma rufe bakinsa ba. Ya sanar da shugabanni, magana ta kai ga hukuma. A lokacin ma ba a ƙirƙiro Jihar Yobe ba, muna cikin Barno, sai 27 ga Agusta 1991 aka raba.

A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Farankfot ta Jamus, a ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka zo suka tone wurin. Leburori 50 suka yi mako 2 suna aiki. Abin da ya bayyana jirgin ruwa ne na itace guda, tsawonsa mita 8.4, wato ya haura ƙafa 27, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5. Bakinsa da ƙarshensa an fiƙe su da kyau. Masana suka ce itacen dangin maɗaci ne.

Da aka auna shekarunsa a ɗakunan bincike biyu a Jamus, sai aka samu ya kai shekara 8,000 zuwa 8,500. Babu jirgin da aka taɓa tonowa a Afirka da ya girme shi. A duniya ma 'yan kaɗan ne, kamar wanda aka samu a Pesse ta ƙasar Holan. A 1998 aka ciro shi aka kai Damaturu don a adana.

Na san wani zai ce, Malam, wa ya ƙirga? Tambaya ce mai kyau, a mota ma an yi mini ita. Ga amsar a taƙaice. Kowace bishiya, muddin tana raye, tana shaƙar wani sinadari daga iska. Ranar da aka sare ta, shaƙa ta tsaya, abin da ke jikinta kuma sai ya fara raguwa a kan ƙa'ida sananniya, rabinsa yana ƙarewa a cikin shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura, sai a lissafa yaushe aka sare ta. Kamar ka cika randa mai yoyo ne, ka san yawan abin da ke ɗiga a awa guda. In ka dawo ka leƙa, ai ka san tsawon lokacin da ka yi ba ka nan. Abin da ya hana shi ruɓewa kuwa, laka ce mai ruwa ta rufe shi ruf, iska ba ta shiga, gara ba ta kai gare shi.

Yanzu ku tsaya ku yi tunani. A wancan zamani ba a san ƙarfe ba. Babu gizago, babu gatarin maƙera. Da dutse aka sassaƙa wannan jirgi. Kuma wanda ya sassaƙa jirgi mai ƙafa 27 ba don kududdufi ya yi shi ba. Masana sun tabbatar cewa a can da Tafkin Cadi wani makeken ruwa ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 300,000. Tudun yashin nan da ya bi ta Maiduguri da Bama, tsohuwar gaɓarsa ce. Ko a kwanan nan ma, a 1963, tafkin yana da faɗin wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 sai ya tsuke, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba.

Wurin da aka tono jirgin ba wani abin kallo ba ne ga ido, ƙasar fadama ce kamar kowace. Amma na tsaya a wurin na daɗe. Shekara 8,000! Babu Kano a lokacin, babu Daura, babu Birnin Gazargamu. Ba a san Bahaushe ba, ba a san Babarbare ba, ba a san Bafulatani ba. Duk wanda ke ƙasar nan a yau, akwai wanda ya riga shi shan ruwan kogin nan.

Amma kada wani ya ɗauki maganata ya kai kasuwa ya ce Malam ya ce kowa baƙo ne, don haka babu mai gari. Ban faɗa ba. Iyayenmu sun zo sun tarar da mutane da sarautarsu da gonakinsu da kaburburan kakanninsu, aka ba su masauki, aka ba su fili, aka ba su aure. Wanda ya riga ka zama ya riga ka, girmansa kuma wajibi ne. Abin da nake nufi shi ne, zaman wuri ba a takarda kaɗai yake ba. Wanda ya sha ruwan wuri, akwai haƙƙin wurin a wuyansa.

MAGANAR DA DATTIJO YA FAƊA MINI

Wannan ya kawo ni ga maganar da na ce ba daɗi. Muna komowa daga bakin kogi, dattijon nan ya tambaye ni sana'ata. Na ce hatsi nake saye da sayarwa a Potiskum. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe kai ne. Ɗana, kun san buhunmu, ba ku san ƙofar gidanmu ba."

Na ce, "Baba, yaya ke nan?"

Ya ce da kaka yaranmu suke zuwa kasuwannin ƙauye da babban kwano su auna gero da araha. Da bazara, in rumbu ya ƙare, su zo gari su sayi geron nan nasu da ƙaramin kwano, da tsada. In damina ta yi tsakiya yunwa ta matsa, a ba mutum kuɗi ba-da-kaka, ranar girbi a zo a ɗauki buhu a farashin da aka yanka tun yana cikin matsi. Sannan ya nuna mini fili da sandarsa ya ce, "Kun zo ganin inda aka tono jirgi. To duba gabas da yamma, ina bishiyar da za a sassaƙa irinsa yau? Motocin da ke zuwa ɗaukar itace da gawayi, daga ina suke fitowa?"

'Yan uwa, ban ba shi amsa ba, domin na san amsar. Ba mu kaɗai ke wannan ciniki ba, gaskiya ne, kowace ƙabila tana ciki. Ciniki kuma ba laifi ba ne, mai ajiye hatsi yana biyan sito, yana asarar ƙwari, wani lokaci farashi ya karye ya tafka hasara. Duk na san wannan, a ciki nake. Amma kwano biyu fa? Wannan ba ciniki ba ne. Na dawo na tambayi yarana da nake aikawa ƙauye, na sa suka kawo kwanon da suke awo da shi, na gwada da na rumfa. Ba ɗaya ba ne. Shekara nawa ana yi da sunana ban sani ba, saboda ban taɓa taka ƙafata na je ba. Na faɗa a gabanku don kada wani ya ce na zo ina nuna shi da yatsa.

RANA TA BIYU: KUDU

Washegari muka ɗauki hanyar Gwambe. Nan kuma wata duniya ce daban. Ƙasa ta yi ja, ta fara hawa da sauka, ga ɗorawa, ga tsamiya, ga duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suna ɓullowa daga nesa.

Mun fara ratsewa Gadaka, wadda ke kamar kilomita 55 daga nan, kilomita 12 daga babban titi. Garin Ngamo ne, nan ne kuma hedikwatar masarautar Gudi. Muka gangara Kogin Ngeji, wanda ke kai ruwansa Gongola. Muka tarar da lambuna a gefensa, da masu ɗibar yashi. Wani matashi cikinmu ya ce shi duk zatonsa Yobe hamada ce zalla. Aka yi masa dariya, amma a nan aka haife shi, shekararsa 23.

Daga nan sai Fika, tsohon gari a gindin duwatsu, da dabinonsa. Yawancinmu mun san fadar Mai Martaba Moi Fika a nan Potiskum, amma kaɗan ne suka san cewa sai a 1924, zamanin Turawa, aka dawo da hedikwatar masarautar nan daga Fika. Kafin Fika ɗin ma, Bolawa a Daniski suke, a kan dutse. Tarihinsu ya nuna a 1805 suka sauko suka koma Fika.

Ku lura da shekarun nan. A 1804 aka fara jihadi a ƙasar Hausa. A 1805 Bolawa suka bar Daniski. A 1808 aka ci Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, wanda kufansa ke can wajen Gaidam. A 1809 Mai Bauya na Ngizimawa ya kafa sarautar Potiskum, wadda muke zaune a tsohon mazauninta a yau. Shekaru ne da ƙasa duka take motsi, daga Sakkwato har bakin Cadi. Tarihinmu da na masu masaukinmu ba a rabe yake ba, tun ba a haifi kakanninmu ba.

Mun hau dutsen Daniski da rana tsaka, wanda kuskure ne, da sassafe ya kamata. Uku daga cikin dattawanmu suka zauna a gindin tsamiya suka ce su a kawo musu labari. Mu da muka hau, sai da muka huta sau uku. Amma da muka kai sama muka juyo, kai! Ƙasa shimfiɗe a gabanka har iyakar ganinka, ƙauyuka kamar an watsa tsaba, hanyar rafi ka gane ta da layin itatuwa. A nan na gane dalilin zaman dutse. Mahayin doki ba zai zo maka ba ka gani ba, in ya zo ma dokinsa ba zai hau ba. Amma kuma kowane tulun ruwa, kowane damin dawa, a ka ake hawa da shi. Mutanen da suka zauna a nan sun sayi kwanciyar hankali da gumi.

A saman muka ga tsingaro a warwatse da duwatsun niƙa da suka lotsa don amfani. Wani yaronmu ya ɗauki guda ya sa aljihu wai tsaraba. Mai yi mana jagora ya ce masa cikin ladabi, "Ɗan'uwa, a mayar. Na kakanninmu ne." Aka mayar. Ina so yara su ji wannan. Kufai ba bola ba ne, gidan wasu ne.

Lokaci bai bar mu mun kai Kwarin Goya da Ngalda a bakin Gongola ba, sai wani jiƙon. Amma ga wani abin kunya. A 1852 wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya taso daga Kukawa ya zo har Fika don ya ga ƙasar, babu mota babu kwalta. Mu kuwa ga mota ga titi, tafiyar awa guda, cikin mu 14 mutum 3 ne kawai suka taɓa zuwa, su ma ciniki ya kai su.

Wani abu kuma da na lura da shi a hanya, harshe. Masana harsuna sun daɗe da tabbatar da cewa Hausa da Ngizimanci da Bolanci da Karai-Karai da Ngamo da Badanci duk zuriya ɗaya ne, ana kiran su harsunan Cadi. Ka sa maƙwabcinka ya ƙirga maka, in ya kai huɗu za ka ji kusan abin da kake faɗa. Tambayi Bangizime sunan tunkiya, za ka ji tumaki a ciki. Wani Ba'amurke, marigayi Russell Schuh, ya zauna a garin nan ya koyi Ngizimanci har ya wallafa ƙamus a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba da 'yan ƙasa suka fitar da ƙamus-ƙamus na harsunan Yobe, da fassarar Hausa a ciki. Mu kuwa shekara 50 muna katanga ɗaya da mutane, sun iya harshenmu tsaf, mu ko sannu da aiki ba mu iya da nasu ba.

ABIN DA NAKE ROƘO

Malam Shugaba, ba yawon buɗe ido kawai kuka aike mu ba, don haka ga shawarwari 4 da tawaga ta amince in gabatar.

Na ɗaya, a mayar da wannan tafiya ta shekara-shekara, bayan kaka, lokacin hutun makaranta. A ɗauki yara daga shekara 12 zuwa sama, maza da mata, da iyaye mata masu kula da 'yan matan. Shekara guda arewa, har a kai su Damaturu inda aka ajiye jirgin, shekara guda kudu.

Na biyu, mu masu hatsi mu zauna a tsakaninmu kafin kaka mai zuwa, mu yarda a kan kwano ɗaya, na saye shi ne na sayarwa. Kowa ya binciki yaransa. Maganar ba-da-kaka kuma a kai ta gaban malamanmu su yi mana bayani a fili.

Na uku, kowane gida ya dasa itace 5 a daminar bana, ya kuma yi masa shinge, domin dasawa ba wuya, raino ne aiki. Maina tana da saurin girma, amma a haɗa da maɗaci da tsamiya. Masu cinikin itace da gawayi a cikinmu, nasu kason ya fi na kowa, su ma sun san dalili.

Na huɗu, kowa ya koyi gaisuwa da harshen maƙwabcinsa. Ba kuɗi ake biya ba. Gaisuwar safe, da sannu da aiki, da ta'aziyya. In ka yi kuskure za a yi dariya, amma dariyar zumunci ce.

Na san akwai masu ja, sun kuma faɗa mini a gaban idona, na gode musu. Wasu sun ce kuɗin ƙungiya na marayu ne da marasa lafiya, ba na yawo ba. Gaskiyarsu. Shi ya sa muka ce kada a taɓa asusu, iyayen yara su yi karo-karo, masu motoci a cikinmu su taimaka da mota. Wasu kuma sun ce hanya. Wannan ma ba wasa ba ne. Babu wanda ya manta abin da ya faru a kasuwar shanu a watan Mayu na 2012, ko a makarantar Mamudo a 2013, ko a makarantar sakandaren kimiyya ta garin nan a Nuwamba 2014. A cikin rumfar nan akwai waɗanda suka binne 'ya'yansu. Shekarun nan su suka ɗaure mana ƙafa, har yara suka tashi ba su san bayan gari ba. Don haka ba za a fita ba sai an sanar da hukuma da masu sarauta, sai an aika ƙauyen tun da wuri an ji ta bakinsu, kuma a dawo gida kafin magariba. In aka ce kada a zo, an fasa, babu gardama.

Sauran ƙa'idoji kuwa sanannu ne. A fara da gaisuwa wajen Lawani ko Bulama. Kada a ɗauki hoton kowa, balle mata, sai da izini. Kada a shiga gona, kada a ɗauki komai a kufai. A tafi da ruwan sha, kada a ɗora wa mutane nauyi a inda ruwa ke da wuya.

Daga ƙarshe, na koma wajen jikata na ba ta labarin duk abin da na gani. Na ce mata, kakanninki daga Kano suke, wannan ba ya gogewa, kada kuma ki ji kunyarsa. Ke kuwa 'yar Potiskum ce, a nan aka yanke cibiyarki. Ta ce to in haka ne, baɗi da ita za a je. Na ce sai abin da taro ya yanke.

To ga taro nan. Malam Shugaba, ina roƙon a sa waɗannan shawarwari 4 a ƙuri'a yau, kafin a watse. Kwanon da na ce muku kuma ga shi nan na zo da shi, da na rumfa, duk wanda ke so ya zo ya gwada da hannunsa.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfana. Wanda na ɓata wa rai, ya yafe mini. Allah ya saka wa mutanen Dufuna da Gadaka da Fika da Daniski da alheri, ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu, ya ba mu damina mai albarka.